Tofin Mansur a Kan Robonmu

Matameye, ran Laraba

Zuwa ga Yaya Sa'adu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya Legas da hayaniyarta? Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare ka a inda kake. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci da kansa, Hawa kuma ta yaye ɗanta, yana nan wajen Inna yana hana kowa sakat.

Yaya, ni dai raina a ɓace yake, kuma kai zan faɗa wa, tunda kai ka aiko mini da 'yar na'urar nan, jiroskof, mai gaya wa robo, injin nan mai tafiya da kansa, in ya karkace daga hanyarsa. Ka san makarantarmu ta lise za ta kai robo gasar ɗalibai a Damagaram, ni ce kuma na rubuta masa program, wato umarnin da zai sa ya miƙe, ya yi kwana, ya dawo. A ɗakin Inna, wallahi tafiya yake kamar an ja masa zare. Da mun kai shi lise sai ya dinga karkata hagu a hankali, har ya je ya daki ƙafar tebur. Na goge na sake rubutawa, na canza batir, na ɗaure wayoyi, duk a banza. Mansur, shugaban ƙungiyarmu, har cewa ya yi robon ɗan ɗaki ne, ba ya son fita. Kowa ya yi dariya, ni kuwa kamar in fashe da kuka. Ga Mushe Attaher, malaminmu, ya ce ɗalibi biyu kaɗai za a tafi da su, waɗanda aikinsu ya yi kyau.

Jiya a lise na ce ba zan taɓa ordinater ba, wato kwamfuta, ido kawai zan zuba. Ashe! Ita na'urar in an kunna ta sai an bar ta shiru na ɗan lokaci, ta gane yadda tsayuwa take. In ana motsa ta a lokacin, motsin nan za ta ɗauka shi ne tsayuwa, lissafinta duka ya karkace. Shi kuwa Mansur kullum sai ya ɗauki robon da hannu biyu, ya kunna, ya yi bismilla, ya tofa masa addu'a ta gaba, ya juya shi ya tofa ta baya, sai ka ce jariri, sannan ya dire shi. Ni a gida a ƙasa nake kunna shi, in yi bismillata ban ɗaga shi ba.

Da na faɗa, sai ya hau ni da faɗa, wai ina nufin addu'a ce ke ɓata aiki. Na ce Allah Ya kiyaye, ba addu'ar ba ce, hannunsa ne. Mushe ya sa aka kunna shi a ƙasa. Ya tafi ɗoɗar, ya yi kwana, ya dawo ya tsaya. Aka yi ta tafi. Sai Mushe ya sunkuyar da kai ya ce tun shekaranjiya ya aika sunaye Damagaram, Mansur da Fadila mai haɗa ƙarafan, kuma ba a canzawa. Wai in yi haƙuri. Haƙuri kuma! Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ran Asabar robon zai tafi da aikina a cikinsa, ni ina gida ina wanke-wanke. Na koya wa Mansur har bakina ya gaji, ya dire shi, ya kunna, ya janye hannu sai 'yar fitilar jikinsa ta yi kore. Ya rantse zai yi. Amma na san hali, da ya ga taro gabansa ya faɗi, hannun nan zai kai ya ɗauki robon, ni kuma ba na kusa balle in buge shi. Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya, duk da haka ba na son su faɗi.

Baba da Inna suna gaishe ka ƙwarai. Ka gaida Kawu Ɗanladi da Goggo Mariama da yaransu. Allah Ya maido mana da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Kaltuma