Masarar da Malam Shafi'i Ya Bari a Gonar Roni

Zuwa ga Yaya Kaumi,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya raba ka da ciwon gwiwar nan. Mu nan Roni sai godiya. Hajja Kaka tana samun sauƙi, har ta fara cin tuwo. Zara ta koma makaranta, amma har yanzu in ta ji ƙarar babur a ƙofar gida sai ta miƙe, sannan ta tuna. Yau kwana talatin da huɗu da rasuwar mahaifinta, Malam Shafi'i.

Yaya, na rubuto ne a kan gonar da Malam Shafi'i ya shuka mako guda kafin ya kwanta, masara a gabas, waken suya a yamma. Ka san ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyu bayan shuka. To wansa Daudu, da yake ba a raba gado ba kuma shi ne babba, ya je ya duba gonar. Dubawar kuwa daga kan babur ya yi ta, ko injin bai kashe ba. Ya dawo ya ce shuka ta mutu, ranar Asabar zai kawo shanu a kife komai a zuba wake. Da na tambaye shi tsiro nawa ya ƙirga, sai ya ce mace mai takaba ba ta da magana a kan gona. Na ce masa na fi shi karanta hukuncin takaba nesa ba kusa ba, kuma ban ga inda aka hana ni fita da rana don larura ba.

Jiya da safe na ɗauki igiyar Malam, mai tsawon mita goma, na tafi. Shekara ashirin yana aikin malamin gona ina ganin yadda yake yi. A shimfiɗa igiya a kan kunya, a ƙirga duk tsiron da ke tsaye, a sake a wurare biyar nesa da juna, ba tare da an zaɓi inda ya fi kyau ba. A masara arba'in yake nema a tsawon igiya. Na samu talatin da shida, talatin da huɗu, talatin da bakwai, talatin da ɗaya. Wannan gona ce mai rai, taki kawai take jira. Waken suya kam Daudu ya yi gaskiya. Inda ake son ɗari da hamsin, ban kai hamsin ba ko sau ɗaya. Ba zan murɗe ƙidaya don ina kuka ba, wannan ɓangaren na bar masa.

Wuri na biyar a masarar shi ne bakin hanya, inda Daudu ya tsaya. Tsiro goma sha ɗaya. Na durƙusa na tona gibin da yatsa, ina zaton zan ga irin da ya ruɓe. Babu iri, Yaya. Ba a taɓa saka shi ba. Malam, mutumin da ramukansa suke jere kamar layin littafi, a kunyoyi shida na ƙarshe sai ka ga uku a manne, sannan taku biyar babu komai, sannan ɗaya a gefen kunya. Ranar ce ya dawo na tambaye shi me ya sa yake haki, ya ce rana ce kawai. Na yarda, na zuba masa kunu, na koma kan takardun ɗalibaina. Ashe jiri yake yi yana shuka. Na zauna a ƙasa na yi masa faɗan da ban samu yi masa yana raye ba, har masu wucewa suka tsaya suna kallona.

Abin da nake roƙo shi ne ka kira Daudu kafin Asabar. Tare kuka yi makaranta a Kazaure, yana jin nauyinka, ni kuwa ba ya ji. Ka karanta masa lambobin nan huɗu a hankali. Ya kife waken suya, ya cike kunyoyin bakin hanya da abin da ya ga dama, amma masarar nan ita ce abincin Zara na bana, kuma ita ce aikin hannun ubanta na ƙarshe. In ya ƙi, zai tarar da ni tsaye a gaban shanunsa da kayan takabata, sai ya san abin da zai faɗa wa mutanen gari.

Ka gaida Yaya Saude da Ahmad da Bilkisu. Hajja Kaka ta ce ka riƙa shan maganinka. Ka sa Malam a addu'a, ni ma ka sa ni, domin zuciyata ba ta huce ba.

Ƙanwarka,
Ikilima