Harshena bai taɓa gane riɗi ba

Goggo Aspasiya, ki taimaki wani sakarai da shawara, abin ya fi ƙarfin barkwancinsa.

Ni mai ɗaura tayil ne a garin Volos. A aji uku na bar sakandare, malamai ma ba su yi kukan rabuwa ba. 'Yata Evantiya shekararta tara, jikinta ba ya shiri da riɗi, ƙwaya ɗaya sai maƙogwaronta ya kumbura. Kin kuwa san ƙasar nan, riɗi a burodi, riɗi a miya, saura kaɗan a barbaɗa mana shi a ruwan wanka.

In mun fita cin abinci, uwarta Stamatiya ce ke tsare kuku da tambayoyi kamar 'yar sanda. Ni kunya nake ji, don a gidanmu tambayar mai girki abin da ke tukunya zagi ne. Sai na ƙirƙiro wasa tun tana ƙarama, wai ni ne mai ɗanɗanon sarauniya. In ɗebi loma, in lumshe ido, in murza gashin baki, in ce lafiya lau ranki ya daɗe. Ta yi dariya ta ci. Ban taɓa gaya mata uwarta ta riga ta gama aikin ba.

Watan jiya na kai ta babban wurin wasan nan na birnin Atina, ni kaɗai. Da muka sauko daga lilon da ke kifa mutum, muka shiga gidan abincin wurin. Layi har waje, mai sallamar mutane ta jiƙe da gumi, wani ƙato a bayana yana huci. Na buɗe baki zan yi tambaya, sai na ji kaina ina tsokanar mai sallamar a kan hularta. Na karɓo kaza da farar miya, na ɗanɗana, na murza gashin baki. Ashe da riɗi a miyar, Evantiya na ci maƙogwaronta ya fara kumbura.

Allurar gaggawa tana jakarta, na soka mata a cinya, motar asibiti ta ƙarasa sauran. Ta warke, mun gode Allah. Stamatiya ba ta yi faɗa ba, ta ce dai in ci gaba da ɗanɗanona tunda ni ba abin da zai same ni. Da ta mare ni da ya fi sauƙi.

Yarinyar kuwa ba ta ga laifina ba. Ta gaya wa likita askirim ne ya daskarar da harshen Baba ranar. Har yau turo mini faranti take yi. Makarantarsu za ta kai su wannan wurin wasan kwanan nan, jiya kuma ta ce in kwantar da hankalina, ƙawarta Fotini za ta ɗanɗana mata, har ta koya mata murza gashin baki.

In na gaya mata harshena bai taɓa gane komai ba, me ya rage mini a idonta?

Mai ɗanɗanon sarauniya, Volos

Malam mai ɗanɗano,

Wasanka ya yi ranarsa. Ya sa yarinyar da ke iya tsoron kowane faranti tana cin abinci da dariya, kuma hannunka ne ya soka allurar. Amma yanzu wasan ya koma hannun Fotini, don haka ba batun mutuncinka ake yi ba, numfashin Evantiya ake magana.

Ka zaunar da ita kafin tafiyar. Ka ce mata babu harshen da ke gane riɗi a madadin wani, tambaya ce ke tsare ta, kuma ranar nan kunya ta hana ka yi. Kada ka rufe zancen da raha. In ta yi fushi, ka bar ta ta yi.

Sannan ku kira gidan abincin tun kafin ranar, ku nemi shugaban kicin. In amsarsa ba ta gamsar da ku ba, ta tafi da abincin gida. Malamarsu ta san da allurar da yadda ake yin ta.

Ranar Lahadi ku fita ku biyu. Ka tsaya a layi ka yi tambayar da babbar murya, ko ƙato goma na huci a bayanka, sannan ka matsa gefe ita ma ta yi. Sarauniyarka ba mai ɗanɗano take buƙata ba, uban da ba ya jin kunyar tare layi saboda ita take buƙata.

Allah ya ƙara mata lafiya. Gashin bakin kuma ka bar shi ya huta.

Goggo Aspasiya