Amaryata za ta je auna aman tsuntsaye

Zuwa ga Uwar Bala,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi. Ɗanki Bala ke rubutawa, na kuma hana shi gyara min magana.

Tun shekarar da madatsar Kainji ta cinye garinmu na rantse jinina ya gama da babban ruwa. To, jikarki Hauwa, amaryata, ta gama karatun tsuntsaye a jami'ar Greensboro, garin Turawan nan da muke zaune, za ta shiga jirgin ruwa zuwa ƙarshen kudu, inda teku ke daskarewa. Ta ce ba ta tafiya sai na sa albarka. Na ƙi.

Kin san aikin? Aman tsuntsaye za ta riƙa aunawa, ta ga me suka ci! Na yi dariya har na ƙware.

Sai ta nuna min su a waya. Akwai wani, ba ya tashi, tafiya yake kamar alhaji ya ƙoshi, amma in ya faɗa ruwa ko kifin tsage bai fi shi gudu ba. Abincinsa wasu jajayen jatan lande ne da ba su kai ɗan yatsa ba. Wani kuma fukafukinsa sun fi filafilina na tuƙin kwalekwale tsawo. Yakan yi kwanaki a sama yana tsintar kifi, ya mai da shi mai a cikinsa, ya dawo ya ɗura wa ɗansa baki da baki.

Nan na tuna ki a gindin kwalekwale, kina tauna wa Bala kifi, kina tsince ƙaya da harshe. Kullum sai kin ce, “Ci, ɗan nema, ubanka ya sha rana.”

Hauwa ta ce ruwan can yana ɗumi, jatan landen suna ƙaura, iyayen na dawowa da ciki wayam. Wannan kam na san shi, ba sai an karanta min ba.

Ban ce na sauko ba, kada Bala ya rubuta haka. Amma jikar masunci ba ta shiga jirgi da biskit.

Allah ya haskaka kabarinki, ya tsare mana yarinyar nan a kan ruwan da ban sani ba.

Gobe da safe zan sa Bala ya kai ni in zaɓo tarwaɗa, in yi mata banda a bayan gida, ko da maƙwabta za su kira 'yan kwana-kwana. In na ɗaure ƙunshin, sai in dafa kanta, in sa mata albarka.

Mijinki,
Ɗanlami Sarkin Ruwa