Ƙaninka a Duwatsun Roni

Maikasuwa, ka karanta wannan a zaune, kada gobe ka ce ban faɗa maka ba.

Ina fata Inna da Bahijja suna lafiya. Ni a nan Jidda alhamdulillah, ciwon bayan nan nawa ma da sauƙi, yanzu ina iya ruku'u.

Na ga bidiyon tseren da ƙungiyarku ta yi a duwatsun Roni. Ƙaninka Ukasha ya faɗi yana kiranka, ka waiwaya, ka ci gaba da gudu. Wani makiyayi ne ya goyo shi. A hannunka na bar yaron nan na taho wankin kayan mutane. Allah ya shirye ka.

Daga yau, duk wanda ya dawo gidana ba ɗan'uwansa, ba a zuba masa tuwo.