Muryar da Na Kwaikwaya a Tasha

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da masu karatu maza da mata. Ina yi muku fatan alheri. Don Allah a sakaya sunana, kuma ina roƙonku kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe. Zagin ba zai gudu ba, ni ma na riga ku farawa, sati uku ke nan ina yi wa kaina.

Ni ɗan kamasho ne a wata tasha a Rano, shekarata arba'in da tara. Aikina kiran fasinja da cika mota. Duk wanda ya san ni, da baki ya san ni. In na ce Kano saura mutum ɗaya, har Kibiya ana jiyo ni, kuma mutum ɗayan nan yakan kai bakwai. Ba muryar da ba na kwaikwaya: ta ladan, ta ɗan sanda, ta akuyar da aka ɗaure a but ɗin mota. Na taɓa ba wata tsohuwa dariya har haƙorinta na ƙarshe ya faɗo, ta ce in riƙe shi tukuici. Ba yabon kaina nake yi ba, so nake ku san irin bakin da aka ba amana.

Ina da taubashi, zan kira shi Sule, ba sunansa ba ne. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna yara bawana nake ce masa, shi kuma ya ce mini Maigida yana murguɗa baki. Kun san wasan taubasai: ka faɗa masa abin da ka ga dama a gaban kowa, ba shi da ikon yin fushi, in ya yi fushi ma shi za a yi wa dariya. Sule direba ne, yana jan bas mai cin mutum goma sha takwas, Rano zuwa Kano, ranar kasuwa kuma ya yi Kibiya. Shekara huɗu da suka wuce taya ta fashe masa a hanyar Kibiya, motar ta kwanta, wani dattijo mai albasa da ke zaune a kujerar gaba ya rasu. Kowa ya ce ƙaddara ce, iyalan mamacin ma sun yafe. Amma daga nan Sule ya fara bushewa kamar kuɓewar da aka shanya, sai ƙwaya, tun yana shan ɗaya har ya koma zubawa a tafin hannu. Duk tasha an sani, ba wanda ya ce uffan, har sai da mai motar ya karɓe makullinsa.

A unguwarsu akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin lafiya da ya yi ritaya, Malam kawai muke ce masa. Shi ya buɗe zaurensa duk ranar Alhamis bayan la'asar don masu fama da ƙwaya da masu ciwon damuwa. Mai unguwa ya kawo tabarmi, matan layin su aiko da kunun zaƙi, wanda abinsa ya fi ƙarfin zaure Malam ya rubuta masa takarda ya raka shi asibiti a Kano. Dokarsa biyu ce. Kowa ya zo da mutum ɗaya daga danginsa wanda zai riƙa kula da shi. Sannan abin da aka faɗa a kan tabarma, a kan tabarma zai tsaya. In an tashi sai a ɗauki tabarmar a kaɗe ta a ƙofar zaure, Malam ya ce mun kaɗe, kowa ya amsa mun kaɗe.

Ni Sule ya zaɓa. Na ce masa, “Bawana, duk yayyenka malamai da alhazai, sai ni?” Ya ce, “Su ina jin kunyarsu. Kai kuwa ba ka da mutuncin da zan ji kunyarka.” Muka yi dariya har da tafawa. Wallahi na riƙe shi da gaskiya. Na raka shi Kano sau uku, na zauna da shi lokacin da jikinsa ke karkarwa yana amai, ina ba shi labarin ƙarya don ya manta da zafin. Cikin wata bakwai mutumin nan ya yi kumatu, har ina ce masa in ya ƙara nan gaba sai an cire ƙofar mota kafin ya shiga. Shugaban tasha ya mayar da shi layin ɗaukar fasinja, mai mota ya mayar masa da makulli.

Wata Alhamis ce ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa ko matarsa ba. Ya ce ranar hatsarin, tun daga tasha dattijon nan yake dafa masa gwiwa, ya ɗan yi tari, ya ce, “Direba, a hankali.” Sau uku ya faɗa, na ukun bai rufe baki ba taya ta fashe. Ya ce tun daga ranar muryar ba ta bar shi ba, in ya murza makulli ita ce, in ya yi sujada ita ce, ƙwaya ce kaɗai take rufe wa tsohon baki. Da yake ba da labarin sai ya yi muryar, da ɗan tarin, da yadda take rawa a ƙarshe. Maza suna share ido da bakin riga. Ni fa? Ni ma idona ya kawo ruwa, amma kunnena aikinsa yake yi. Ina jin kaina ina auna tarin, ina auna inda muryar ke karyewa. Wane irin mutum ne ɗan uwansa ke kuka a gabansa shi yana koyon kukan? Aka kaɗe tabarma, na amsa mun kaɗe da ƙarfi fiye da kowa.

Bayan kamar wata biyu, da hantsi, muna zaune a teburin mai shayi a tasha, Sule yana ribas zai shiga layi, ya kusa taka kwandon tumatirin wata mata. Ban shirya ba, ban yi niyya ba, bakina ne ya riga ni. Na ɗan yi tari, na ce, “Direba, a hankali.” Ko Sule bai yi ta da kyau haka ba. Tasha ta fashe da dariya, mai shayi ya zubar da rabin buta, alhali ba wanda ya san tushen maganar, muryar ce kawai ta ba su dariya. Na hango fuskar Sule a madubin gefe. Ban taɓa ganin fuskar mai rai ta koma haka ba. Ya kashe mota, ya sauko, kowa ya zuba masa ido, sai ya yi dariya ya ce, “Maigida, ka iya.” To me zai yi? Taubashinsa ne ya yi masa.

Da a nan na tsaya, da wataƙila ban rubuto muku ba. Amma dariya gare ni kamar ƙwaya ce gare shi, in na ɗanɗana sai na ƙara. Washegari na sake. A rana ta uku aka ce mini wai ina na samo wannan murya, sai na gyara zama na ce ai wani tsoho ne yake bin Sule, kullum yana kujerar gaba, bai taɓa sauka ba, bai taɓa biyan kuɗin mota ba, har ma ya fi shi sanin hanya. Na ƙara gishiri, na ƙara yaji. Tsofaffin direbobi suka tuna da mai albasa, suka janye daga wasan, amma matasa suka ɗauka. Kafin sati maganar ta kai Kibiya, ta kai tashar da suke sauke fasinja a Kano. In Sule ya wuce sai ka ji tari ta ko'ina kamar an zuba barkono a wuta. Wani ya rubuta kalmomin da alli a bayan motarsa. Mata masu tallar gyaɗa suna faɗa masa ba su san me suke faɗa ba. Shi kuma yana ɗaga hannu yana dariya.

Alhamis ta zo bai je zaure ba. Ta sake zuwa bai je ba. Malam ya tare ni a bakin masallaci ya tambaye ni, na ce aiki ne ya yi masa yawa. Sai ya ce mutanensa sha ɗaya sun koma huɗu, don an ji cewa magana tana fita daga zauren. Ya ce, “Anya tabarmar nan mun kaɗe ta kuwa?” Na ce mun kaɗe, Malam. Ni da nake cika tasha da murya, da ƙyar na ji kaina.

Yanzu ga abin da nake gani. Wata bakwai na yi ina koyon alamomin nan a zauren Malam, ba zan ce ban gane su ba. Sule ya daina cin abinci, sai ruwan leda. Muƙamuƙinsa yana motsi kamar mai tauna abin da babu. Yana zufa da sanyin safiya. Tafiyar da yakan yi a natse, yanzu kafin in gama cika motar da ke bayansa an ce har ya kai Kano, fasinja suna saukowa suna salati. Ranar Litinin ina tura buhun wani a ƙarƙashin kujera, hannuna ya taɓo takardun ƙwaya, duk an ɓare su. Na mayar na tura buhun a kai. Kuma ya hana a sa kowa a kujerar gaba. In na kawo fasinja sai ya ce, “Bar nan, Maigida, da mai shi.” Tasha ta yi ta dariya, sun ɗauka ya shiga wasan ne. Ban taɓa ganinsa cikin fara'a irin ta kwanakin nan ba, kuma ban taɓa jin tsoron fara'a ba sai a kansa.

Shekaranjiya na ja shi bayan rumfar masu facin taya. Na ce, “Sule, don girman Allah ka yafe mini, na ci amanarka.” Wannan ne karo na farko da na kira shi da sunansa tun muna yara. Ya ce, “Haba Maigida, ana fushi da taubashi? Wasa ne fa.” Na ce ba wasa ba ne, mu koma wurin Malam, ni zan tsaya a gaban kowa in faɗi abin da na yi. Ya girgiza kai yana murmushi. Ya ce, “Ai taimakona ka yi. Tsohon ya yi shiru, na daina jin sa.” Na ce alhamdu lillahi. Ya ce, “Yanzu kai nake ji. Tarin ma naka ne.” Sai ya gyara mini hulata da ta karkace, ya ce, “Ranar kasuwar Kibiya kujerar gaba taka ce. Ka zo mu tafi, in mun kai daidai wurin ka faɗa mini da bakinka.” Ya tafi yana kaɗa makulli.

Jiya na je gaida gwaggo, ko zan iya buɗe baki. Kafin in zauna ta fara sa mini albarka. Ta ce Sule ya zo ya durƙusa ya nemi gafararta haka kawai ba abin da ya yi, ya bi yayyensa ɗaya bayan ɗaya ya nemi tasu, har rediyonsa ya ba maƙwabci kyauta. Ta ce, “Kai ka gyara mini shi, Allah ya gyara maka naka.” Na ce amin. Ta zuba mini fura na sha, ban san ta inda ta wuce ba.

Jibi kasuwar Kibiya take ci. Mota bisa layi take tashi, kuma ni zan tsaya in kira mutane da wannan bakin su shiga: masu hatsi, Fulani masu komawa ruga, mata masu goyo da za su sauka su kama hanyar garin Fassi. Sun san ni, don ni suke shiga, wasu har cewa suke in ina wurin ba sa jin nisan jira. In na je wa shugaban tasha, yau za a karɓe makullin, kuma ba za a sake ba shi ba. Sai ya koma gida da 'ya'ya shida da murya a ka, ba mota, ba zaure, kuma bakin da ya tona shi da farko shi ne ya sake tona shi. Wa zai tsare shi a ɗaki in ya rufe ƙofa? In na je wa Malam, kunyar ba ta dame ni ba yanzu, na cancanci fiye da haka, amma Sule zai saurari mutumin da a zaurensa aka ji sirrinsa? In na gaya wa gwaggo, tsohuwa mai hawan jini, da wane baki? In kuma na yi shiru na ce wataƙila zuzutawa ce irin tawa, tunda ni ne mai mayar da ɗaya bakwai, to in wannan karon ban ƙara komai ba fa?

Har na yi tunanin in shiga kujerar in zauna, in kama bakina har Kibiya, ko ganina a gefensa zai sa ya sassauta ƙafa. Amma ai ba sai na yi magana ba, ya riga ya gaya mini yana ji na ko na yi shiru. Kuma ba ni kaɗai zan shiga ba.

Yau da safe wani ya yi tarin nan a teburin mai shayi, kowa ya juyo yana jiran in ƙarasa. Na ce maƙogwarona ke ciwo. Sule yana jingine da motarsa yana goge kujerar gaba da tsumma, ya ɗago ya ce, “Ka sha magani, Maigida. Jibi ina bukatar muryar.”

Jama'a, masu ilimi da waɗanda suka taɓa riƙe irin wannan mara lafiya, ku zage ni daga baya, zan tsaya in karɓa. Kwana biyu ya rage mini. Me zan yi?