Sau Tara Ta Mutu a Hannuna

Malbaza, daren Laraba, Maris 1973

Yau mota ta mutu a hannuna sau tara. Ta ƙarshe ta fi ciwo. Mun iso bakin kasuwa, na ga dattawa zaune, na ɗaga hannu biyu in gaishe su, ƙafata ta saki kuloci. Motar ta yi tsalle ta mutu a gabansu.

Kawu Illa, direban da ke koya mini, mai kirana Mushe yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci, ya ce, "Mushe, makarantar lakwal kai ta gyara maka, ba ƙahwa ba. Gaisuwa ta jira!"

Ranar Asabar ne jarrabawar parmin tuƙi a Konni. In na faɗi, aikin malamin gona na Illela wani za a ba. Inna kuwa ta riga ta sanar da dangi na samu.