Burtalin da bai fito a hoto ba

Litinin, 12 ga Mayu, 2025

Taswirar ta iso ofishinmu na tsara gari. Sai da muka haɗa tebur biyu ta samu wurin kwanciya. Tambuwal ta shekara ashirin masu zuwa ke nan: tituna a miƙe, magudanan ruwa, sabuwar tasha, har da filin shan iska da aka shafa wa kore. Oga Malami ya tsaya a kanta yana ta murmushi kamar an yi masa haihuwa. Ban ga laifinsa ba, shekara tara yana bin wannan takarda.

Ni aka ba sabuwar unguwa ta wajen hanyar Kebbe, fuloti sittin. Na duba hoton wurin da aka ɗauka daga sama, fili ne fetal. Na sa hannu: Mu'minatu Mannir. In na gama wannan lafiya zan miƙa takardar neman komawa Sakkwato. Tana cikin jaka tun bara.

Alhamis, 15 ga Mayu

Mun fara kafa duwatsun siminti na alamar fuloti, ni da Abdulganiyyu mai awo. Rana kamar ta dafa mutum. Akwai wasu busassun itatuwan aguwa a jere da suka tare mana layi, na sa aka sare. Layin ya fita tsaf, har na ɗauki hoto.

Laraba, 28 ga Mayu

An raba takardun fuloti. Wata Ni'imatu mai tuyar masa, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu a gidan haya, ta samu lamba goma sha huɗu. Ta riƙe hannuna tana kuka tana shi mini albarka. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Asabar, 7 ga Yuni

Na je Fakku gaisuwar Sallah. Kawu Atu, ƙanin Inna, ya bari sai da na ci na sha, sannan ya ce, "Ɗiyata, an ce ke kik kafa duwatsu bisa burtali."

Na ce wane burtali? Ya ce wanda shanu ke bi tsakanin gonaki su shiga kasuwar Tambuwal, su sauka mashaya. Na ce Kawu, a hoto babu komai a wurin. Ya ce yaushe aka ɗauki hoton? Na ce watan Maris.

Ya yi dariya har da tari. "Da rani? Da rani ai ko'ina hanya ta. Bari a yi shuka, ki ga inda za su bi."

Raina ya ɓaci. Na ce masa masana ne suka zana, ba da ka aka yi ba. Sai ya sa aka ɗaura mini kindirmo a bayan mota. Ni da shekara biyar a jami'a, a ce saniya za ta gyara mini layi!

Talata, 24 ga Yuni

Ruwa ya zauna, gero ya fito. Ni'imatu ta haƙa harsashin gini, ta jibge bulo.

Juma'a, 4 ga Yuli

Abin da Kawu ya faɗa ya faru, kuma a kansa ya faru.

Jiya ya koro shanu goma sha biyu za shi kasuwa. Ya iso ya tarar da ramin harsashi da tarin bulo a tsakiyar hanya, gero dama, gero hagu. Shanun suka ratse suka faɗa gonar wani. Mai gonar ya fito da fartanya a sama, mutane suka taru. Abdulganiyyu yana wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce tsohon ya tuɓe hula ya durƙusa yana ba da haƙuri ga wanda bai kai sa'an ɗansa ba. Wani a cikin taron ya ce ai 'yar ƙanwar... a'a, 'yar yayarsa ce ta raba wurin. Kawu ya ce, "Ba ta sani ba. Ku bar ta."

Na sani mana. Abin da ke ci na ke nan. Ina yarinya a Fakku sau nawa kaka ta hana ni taɓa aguwar bakin burtali, wai ruwanta na makantarwa? Duk inda aka ga aguwa jere biyu da fili a tsakani, hanyar shanu ce, ko yaron goye a ƙauye ya san haka. Ni na tsaya da kaina na sa aka sare ta.

Ban iya cin abincin rana ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Na karɓi na'urar awo, na sa takalmin roba, na bi bayan shanun unguwa tun daga bakin gari har mashaya. Kawu ya zo a kan babur don ya raka ni, ban roƙe shi ba. Yana tafe yana nuna mini kututturen aguwa. "Nan ta faro. Nan kakanki yay yi shinge shekarar fari." Bai ambaci zancen hular ba, ni ma na kasa.

Fuloti goma sha ɗaya ne a kan burtalin, har da na Ni'imatu. Na zame a kashin shanu sau biyu, ya yi kamar bai gani ba.

Talata, 15 ga Yuli

Na ga mafita. Filin shan iskan nan mai kore ba a taɓa shi ba, kuma girmansu kusan ɗaya. A mai da fulotan can, a mai da koren kan burtali. Tsarin bai rushe ba, wuri kawai aka sauya.

Oga Malami ya daɗe yana kallo. Ya ce dabara ce mai kyau, amma sai an koma sama an amince, kuma dole a rubuta dalili: cewa jami'ar da ta sa hannu ba ta tambayi mutanen wurin ba. Ya ce, "Zai shiga fayil ɗinki, Mu'minatu. Ki yi tunani. Masu shanu za su samu wata hanya."

Ba mugu ba ne. Tsoro yake kada a ce taswirar duka ba ta da kyau, a mayar da ita cikin durowa wata shekara tara. Wace hanyar za su samu? Ta cikin geron mutane?

Laraba, 16 ga Yuli

Na rubuta. Layi uku ne, sun fi jarrabawar ƙarshe wuya.

Litinin, 21 ga Yuli

Wajen Ni'imatu ya fi komai nauyi. Na same ta a bakin tanda. Ta ajiye cokalin ta ce, "To ni mi niy yi? Ke kin ba ni, ke kin amshe." Na ce ba amshewa ba ce, sauyi ne, kuma can ya fi tudu. Ta ce harsashin fa, da gumin wa? Ba ta ba ni masa ba yau, kuma ta yi daidai.

Laraba, 30 ga Yuli

An amince. Oga ya miƙo mini takardar, na kuma ga ya ja layi biyu da jan biro a jikin babbar taswirar, ya rubuta "burtali" da hannunsa.

Asabar, 9 ga Agusta

Kawu ya zo da amalanken shanu biyu da mutanensa, suka kwashe bulon Ni'imatu kaf zuwa sabon wurin, suka haƙa mata harsashi kafin la'asar. Ba ni na sa su ba. Ta soya musu masa. Ni ta ba ni uku, ba ta dube ni ba.

Na ce wa Kawu ina so a mayar da aguwar da na sare. Ya ce, "Yanzu? Ruɓewa za ta yi. Sai rani ya yi nisa aka dasa ta. Lokacin ai kina Sakkwato."

Na ce eh, haka ne.

Na dai rubuta a kalandar ofis, watan Afrilu: aguwa, jere biyu. Don kada wanda zai gaje ni ya manta ne kawai. Takardar neman komawar na nema ɗazu, na tarar da ita na naɗe masar Ni'imatu a ciki, duk ta jiƙe da mai. Sai na sake buga wata. Ba gaggawa.